Kabarin Baƙo da Bakin Dattijo

Ƙungiyar malamai ko ta matasa da ta ɗaura niyyar ziyarar tarihi a ƙasar Tasawa ba ta rasa wurin tsayawa. Akwai Tasawa kanta, inda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1851. Akwai kuma Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa biyu da sojojinsu suka kashe a Yulin 1899, bayan sun bar garuruwa cikin toka tun daga Birnin Ƙonni.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Wanda ya yi kisa yana da kabari da suna, waɗanda aka kashe kuwa ba su da ko dutse. Ziyarar da ta tsaya kan kabari, aka ɗauki hoto aka koma mota, ta maimaita littafin Bature ne kawai, ta kuwa sanya shi tsakiyar labarin da ba nasa ba.

Tarihin Gulbin Kaba, daga Tasawa har Mayahi, yana bakin dattawa da maroƙa: sunayen rijiyoyi, kufai, da zuri'ar da ta gudu ba ta komo ba. Ya kamata masu ziyara su shimfiɗa tabarma, su saurara, su rubuta, su mayar wa garin da kofi guda. Kabari zai jira baɗi. Dattijo kuwa ba lalle ne ya jira ba.