Mazan Jiya a Adabi: Abin da Kirari Ya Kasa Faɗa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda adabi ke bayyana halin tsohon soja wanda ya dawo gida, amma yaƙi bai fita daga ransa ba. Al'amarin ya shafi ƙasar Gumel ƙwarai, domin iyakar da ta ratsa Maigatari ta raba Hausawa gida biyu a Yaƙin Duniya na Biyu: na kudu Ingila ta ɗiba, na arewa kuwa Faransa. Daga 1943 zuwa 1945 Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun fafata da Japanawa a dazuzzukan Bama, Hausa kuwa ita ce harshen da yawancin sojojin Nijeriya ke magana da shi.

Idan aka duba waƙoƙin Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, waɗanda Graham Furniss ya nazarta a 1991, za a ga jigonsu zuga ne da yabon jarunta da kiran haɗin kai. Wannan gadon kirari ne, kirari kuwa ba ya ambaton tsoro. Saboda haka mawaƙi yakan raka soja har bakin daga, amma ba ya rako shi gida. Mutumin da ke firgita cikin barci, ko ya zabura in an buga ƙofa, ba shi da gurbi a baitin yabo. Jama'a sai su ce iska ce ta taɓa shi, shi kuma kunya da dauriya su rufe masa baki. Likitocin Amurka ma sai a 1980 suka ba wannan ciwo suna a kundinsu.

Marubutan da suka ci nasara sun bi ta bayan gida ne. A Sozaboy na Ken Saro-Wiwa (1985), Zaza yana cika baki da labarin Bama, amma tsiyar da yake ciki tana ƙaryata fankamarsa. A fim ɗin Camp de Thiaroye (1988), wanda Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow suka yi kan kisan da Faransa ta yi wa sojojinta baƙaƙe a Disambar 1944, sojan nan Pays ya fito daga sansanin Jamus ba ya iya magana. Shi ne ya fara hango halaka, amma ba wanda ya yarda da shi. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, ya gina Burma Boy (2007) kan yaro Ali Banana, ya fara da raha, ya ƙare da gushewar hankali.

Wato dabarun uku ne: fankama, shiru, da raha. Dukkansu Hausa tana da su cikin habaici da barkwanci da karin magana. Ai Bahaushe ne ya ce jiki magayi. Abin da ya rage shi ne marubuci ya sauya wurin tsayuwa, ya bar filin daga ya shiga zaure, ya saurari matar soja da 'ya'yansa.

Bukatar ba ta wuce ba. Tun 2009 samari ke dawowa daga yaƙin arewa maso gabas da irin wannan nauyi. Muddin adabi bai ba ciwonsu suna da Hausa ba, dangi za su ci gaba da kiransa hauka, masu shi kuma su ci gaba da ɓoye shi.