Farautar Ajiya da Duwatsun Ƙasar Arewa

A farkon watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin GPS ga farar hula. Ranar 3 ga watan, wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a dajin jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin, ya ce mai iyawa ya nemo. Mafarin wasan jiyokashin ke nan, farautar ajiya da na'ura, wanda yau ajiyoyinsa suka haura miliyan 3 a duniya.

Ƙa'idojinsa kaɗan ne. Ana ɓoye gwangwani da ɗan littafi a ciki. Wanda ya gano sai ya sa hannu da kwanan wata, in ya ɗauki abu ya bar madadinsa, ya mayar da gwangwanin yadda ya tarar. Ba a tona rami, ba a ajiya sai da izinin mai wuri. Kowace ajiya tana da maki daga 1 zuwa 5 na wuyar ganowa, da wani makin na wuyar hanya, shi ya sa gwanaye suka fi alfahari da wadda ke kan doguwar hanyar dutse, inda sai an yi wuni ana hawa. Ginshiƙin wasan amana ne, domin babu mai gadi, babu mai shaida.

Ƙasar Arewa ta Nijar tana da filin da wasan yake so. Tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai sun yi wa kwarin Dallol Mawri katanga, daga Matankari zuwa Dogondutsi har kudu wajen Tibiri, ga dutsen Tozon Bijini tsaye a kan garin Dogondutsi. Tsayinsu bai kai na manyan tsaunuka ba, amma marmara mai zamewa da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 sun isa su gwada ƙarfin saurayi.

Sai dai wasan yana da rauni biyu. Na farko, na'ura lamba take bayarwa, ba ta ba da labari. Za ta kai mutum Lugu, amma ba za ta gaya masa cewa a nan Sarauniya Mangu ta tari rundunar 'yan mulkin mallaka ta Voulet da Chanoine a Afrilun 1899 ba. Na biyu ya fi nauyi: duk da ƙa'idar neman izini, mai wasan yana iya ɗaukar kowane kogo a matsayin wurin da babu mai shi. A Arewa ba haka ba ne. Lugu tana da Sarauniyarta da dutsen Tunguma da ake kai wa ƙara, Bagaji tana da Baura, shugabanta na addinin gargajiya, kuma tun 2006 Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa. Wanda ya cusa gwangwani a irin wannan wuri don wayarsa ta nuna masa, ya shiga gonar da ba tasa ba.

Saboda haka, in malamai da ƙungiyoyin matasa za su ɗauki wannan wasa, su fara da gaisuwa a ƙofar masu ƙasa. Dattawa su faɗi inda ake takawa da inda ba a takawa, kowace ajiya ta ƙunshi tarihin wurinta da Hausa, a fita da asuba a lokacin sanyi, da ruwa da ɗan jagora. A haka yaranmu za su san duwatsunsu da ƙafa, su kuma san masu su.