Tsokaci a Kan Harshen Allunan Gidajen Ci da Sha a Kubwa

1.0 Gabatarwa

Manazarta harshe a Nijeriya ba su cika kula da rubutun kan alluna ba, alhali allon ƙofar shago yana nuna harshen da jama'a suka ɗauka da daraja. Wannan maƙala ta dubi allunan gidajen abinci da abin sha a Kubwa, ƙasar Gbagyi da ke ƙaramar hukumar Bwari, wadda ta cika da baƙi bayan da Abuja ta zama mazaunin gwamnatin tarayya a 1991.

2.0 Abin da Alluna Suka Nuna

Ingilishi ne ya mamaye allunan, Hausa kuwa jefi-jefi. Inda aka yi Hausar ma, akan yi watsi da haruffa masu lanƙwasa, duk da daidaita ƙa'idojin rubutu da aka yi a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Alal misali, mai tallar kunun zaƙi kan rubuta "zaki", wato ya jingina kununsa ga manyan dawa. Haka ƙosai kan koma "kosai".

Lamarin Gbagyi ya fi muni, domin da wuya a ga kalmarsa a kan allo. Gidajen burukutu na ƙauyukan kewaye ba su dogara da rubutu ba: manyan tukwane da ƙoƙuna su ne shaidarsu.

3.0 Kwatanci da Ladin

Irin wannan shaida marar rubutu sananniya ce a Kudancin Tirol da ke arewacin Italiya, inda manomi kan rataya reshen itace a ƙofa don sanar da cewa yana sayar da giyar inabinsa. A lardin ne kuma ake jin Ladin, harshen da masu magana da shi ba su wuce 'yan dubbai goma-goma ba. Amma a kwarurrukan Gardena da Badiya allunan hanya suna ɗauke da Ladin da Jamusanci da Italiyanci, domin doka ta tsaya wa harshen. Gbagyi ya fi Ladin yawan jama'a nesa ba kusa ba, sai dai ba shi da wannan gata.

4.0 Kammalawa

Ashe ba yawan masu magana ke kai harshe kan allo ba, hukuma ce da daidaitaccen rubutu. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su tattara waɗannan alluna su nazarce su, su kuma koya wa masu zanen allo ƙa'idojin rubutu. Yaron Gbagyi da ya tashi bai ga harshensa a rubuce a garinsu ba, da wuya ya koya wa 'ya'yansa shi.