Gwanayen Karanta Ƙananan Ɗigo

Gishirin sodiyam naitirait, wanda ake adana nama da shi, yana da wani hali da ba ya bayyana sai a ɗan tsakanin zafi da bai kai digiri biyu ba. Ƙasa da digiri 163, ƙwayoyinsa masu lanƙwasa duk gefe guda suke fuskanta, shi ya sa kiristal ɗinsa ke da kan lantarki da gindinsa, kuma ana iya juya su. Da zafi ya haura 165, kowace ƙwaya sai ta kama gabanta. A tsakanin kuwa, fuskantar tasu takan karkata nan, ta dawo can, sannu a hankali, ta kammala zagaye bayan ɗakuna takwas zuwa goma, wato ƙananan sassan da kiristal ke maimaitawa. Amma ba ta faɗawa daidai kan adadin ɗakunan. Kamar masaƙin da adonsa ya ƙi jituwa da ƙirgen zarensa ne: komai tsawon ƙyallen, babu inda zai maimaita kansa sak.

Ba a ganin wannan da ido. Ana haska kiristal da hasken eksire, ya watsa ɗigo-ɗigo, sai a ga wasu ƙanana masu dishi-dishi a gefen manyan. Wanda bai goge ba zai ce datti ne. Tanisaki a Japan ya lura da su a wannan gishiri a 1961. Riƙe zafin tanda kaɗai bai motsa ba, har a gama ɗaukar hoto, aikin mai haƙuri ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne lissafi. Lambobi uku sun isa a raɗa wa kowane ɗigo suna a kiristal na yau da kullum. Waɗannan ƙananan sun ƙi. De Wolff na Delft, da ya daɗe yana fama da sodiyam kabonet, ɗan'uwan kanwarmu, ya nuna a 1974 cewa a ƙara lamba ta huɗu. Wato a ɗauka kiristal ɗin yanki ne na wani tsari mai tsawo, faɗi, zurfi da wani awo na huɗu, wanda shi kam yana maimaita kansa tsaf. Janner da Janssen na Nijmegen suka gina masa dokoki. A ganina wannan ƙarfin hali ne, domin sauƙi shi ne a ƙirƙiro ƙaton ɗaki a cusa komai ciki, a kau da kai daga ɗan abin da ya rage.

Yau manhajar JANA ta birnin Prague ke ɗaukar nauyin lissafin. Amma zaɓen dokar da ta dace, da gane ɗigon da ya kamata ya fito bai fito ba, har gobe mutum ne ke yin su.