Randar Ladi Kwali da ba ta sanyaya ruwa

A bayan takardar naira ashirin akwai hoton wata mata tana aikin yumɓu. Ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, ta rasu a Minna a 1984. Duk sa'ad da aka tashi zancen tallafa wa mata masu sana'ar hannu a Najeriya, da ita ake buga misali. Ya kamata a duba misalin da kyau, domin akwai abin alfahari a cikinsa, akwai kuma abin da ya isa ya dame mu.

A gida ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, irin yadda matan ƙasarsu ke yi. Babu inji. Maginiya za ta murza yumɓu kamar igiya, ta riƙa ɗorawa tana zagaya tukunyar da ƙafa har ta tashi. Gwanintar Ladi ta fi fitowa a zane. Takan raba cikin randa gida-gida da layuka, ta zaunar da ƙadangare a wannan, kunama a wancan, ga kada, ga kifi, ga hawainiya. Kowace dabba ta cika gurbinta daidai, tana bin lanƙwasar randar kamar a nan aka halicce ta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fadarsa, a can ne kuma wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su.

Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauki Cardew aiki, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta wancan zamani, wato Suleja ta yau. Maza aka fara ɗauka. A 1954 Ladi ta zama mace ta farko da ta shiga. Daga nan sunanta ya tashi. An baje kolin aikinta a Landan, ta nuna gini a Ingila da Jamus da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

To, amma me ya sami randar kanta? Randar gargajiya ana gasa ta ne a fili da itace da ciyawa, wutar ba ta yin tsanani. Saboda haka jikinta yakan rage da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. A cibiyar Cardew an sauya yumɓun, an shafe jikin da wani sinadari mai zama kamar gilashi, an gasa a murhun da zafinsa ya haura digiri 1,200. Abin da ya fito kyakkyawa ne ƙwarai, zanen ya ƙara fitowa a ƙarƙashin ƙyalli. Sai dai ya yi nauyi, ƙofofin sun toshe, ba ya sanyaya ruwa. Siffar randa ce, amma ba ta da aikin yi a tsakar gida. Masu sayenta ma sun sauya: daga maƙwabta zuwa masu tara kayan tarihi a Turai.

Ba a cewa an cuci Ladi. Ta sami albashi da suna, ta ga duniya, ta kuma buɗe wa wasu mata ƙofar cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. Amma mutum nawa ne suka san waɗannan sunaye? Balle dubban maginai da ke jera tulu da kasko da asusu a bakin hanya, suna gogayya da roba da kwanon ƙarfe. Tallafin da ya ɗaga mutum ɗaya zuwa gidan tarihi bai taɓa kasuwar sauran ba.

Akwai wani misali daga Jigawa da ya bi wata hanya dabam. Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha da ke Dutse, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yalo da tumatir da alayyafo sai su daɗe ba su lalace ba, babu lantarki. Maginan ƙauye ya ba aikin, da yumɓunsu da wutarsu. Wannan ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Tsattsafon nan da aka toshe a Suleja, shi ne jarin da aka yi amfani da shi a Jigawa.

Duk ƙungiya ko hukumar da ta zo da shirin tallafa wa mata masu sana'a, ko saƙa ce, ko rini, ko ɗinkin hula, a yi mata tambayoyi uku. Bayan an gyara kayan, maƙwabciya za ta iya saye ta yi amfani da shi? Wa ke yanka farashi? Idan baƙon da ya kawo shirin ya koma gida, kasuwar za ta tsaya da ƙafarta?

Ladi Kwali ta cancanci kowace karramawa da aka yi mata. Amma takardar da ke ɗauke da hotonta, a garuruwa da yawa yau ba ta sayen ruwan leda ɗaya. A unguwannin da wutar lantarki ba ta zama kuwa, randar ƙasa ce har yanzu ke ba mutane ruwan sanyi, kuma maginiyarta na nan a kasuwa tana jiran mai saye.