Tsokaci a kan Da'awar "Kaya Sun Bar Hannuna": Lamunin Hajar da ta Salwanta a Hanya a Cinikin Intanet

Cinikin da ake ƙullawa ta intanet ya zama ruwan dare, tun daga manyan kasuwannin da ke da shafuka na kansu har zuwa ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke tallata atamfa ta WhatsApp. Halaccin ƙulla ciniki ta wannan hanya ba shi ne abin jayayya ba, domin Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da shi a ƙudurinta mai lamba 52, a zamanta na shida a Jidda cikin 1410 H (1990). Inda rigima take tashi shi ne idan mai saye ya biya kuɗi, aka ce an aika kaya, amma ba su iso ba. A nan ne wata da'awa ta yaɗu a bakin 'yan kasuwa, har wasu ɗalibai suka nemo mata madogara: wai da zarar haja ta bar hannun mai sayarwa, asara ta mai saye ce, domin a mazhabar Malikiyya lamuni yana komawa ga mai saye da ƙulla ciniki kawai.

Adalci ne a fara da faɗin cewa da'awar tana da tushe. Malikiyya sun tafi a kan cewa ingantaccen ciniki yana mayar da mallaka da lamuni ga mai saye tun kafin ya karɓa, saɓanin Hanafiyya da Shafi'iyya waɗanda ke ganin hajar da ta halaka kafin karɓa asarar mai sayarwa ce, cinikin ya warware, a mayar da kuɗi. Wannan ra'ayi na biyu shi ne abin da Majallar Hukunce-hukunce ta Daular Usmaniyya ta rubuta a sashe na 293. Malikiyya kuwa suna da hujjarsu, ciki har da asarin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari ya ambata, da kuma hadisin A'isha wanda ya ɗaure cin amfanin abu da ɗaukar lamuninsa.

Aibin da'awar shi ne ta ɗauki ƙa'ida ta bar togaciyarta. Shehu Khalil, a wurin da ya kafa ƙa'idar cikin Mukhtasar, nan take ya fitar da wasu surori daga cikinta. Daga ciki akwai abin da ake sayarwa da mudu ko ma'auni ko ƙirga, wanda ba ya shiga lamunin mai saye sai an auna an damƙa, akwai kuma hajar da ba ta wurin ciniki, wadda aka saya bisa siffantawa. Ita wannan, in ba gida ko fili ba ce, tana nan a lamunin mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai fa in an yi sharaɗin akasin haka. To, wace haja ce a cinikin intanet take gaban mai saye lokacin ƙullawa? Babu. Ashe togaciyar ce ta dace da mas'alar, kuma wanda ya kafa hujja da ƙa'idar ya kafa ta ne a inda mai mazhabar bai kafa ta ba.

Aibi na biyu ya fi na farko zurfi, shi ne rashin bambancewa tsakanin ayyananniyar haja da siffantacciya a kan wuya. Wanda ya sayi sabuwar waya mai ƙira kaza da launi kaza bai sayi ƙwaya ɗaya takamaimai ba. Ya sayi duk wadda ta cika siffar daga cikin ɗaruruwan da ke ɗakin ajiya. Irin wannan haja bashi ce a wuyan mai sayarwa, kamar hajar salam, kuma bashi ba ya sauka sai an isar da shi ga mai shi a wurin da aka yi alkawari. Wanda ake bi bashi, idan ya ba wa ɗan aikensa kuɗi suka faɗi a hanya, babu malamin da zai ce masa ya biya. Saboda haka salwantar ƙunshin ba ta warware cinikin ba, ba ta kuma sauke nauyi ba: wajibi ne ya aika wata, in kuma ta yanke a kasuwa, mai saye ya zaɓa tsakanin jira da karɓar kuɗinsa. Mafi yawan cinikin intanet na wannan nau'i ne.

Ayyananniyar haja, kamar rago ɗaya da aka nuna hotonsa ko tsohuwar kwamfuta guda, hukuncinta daban ne, kuma nan ne kaɗai da'awar take da ɗan ƙarfi. Masu sharhin Mukhtasar sun bayyana cewa zuwa ɗauko irin wannan haja aikin mai saye ne, kuma idan aka yi jinga da mai sayarwa ya kawo ta alhali lamuninta yana kan mai saye, ya halatta, ya zama ciniki haɗe da ijara. Amma wannan sura tana bukatar a faɗe ta a fili lokacin ƙullawa, mai saye ya yarda da ita. In ba a faɗa ba, asali yana nan: ta halaka a kan mai sayarwa, ciniki ya warware, a mayar da kuɗi. Har ila yau, wanda ya zaɓi ya tsaya a kan wannan babi sai ya ɗauke shi da dukan ƙa'idodinsa, domin Ibn Abi Zaid ya ambata a Risala cewa ba a sharɗanta biyan kuɗi tun farko a hajar da ba ta nan, sai in wurinta kusa ne ko kuwa abu ne da ba a tsoron canzawarsa. Bai dace ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi gaba, ya kuma jefa wa mai saye lamuni, sannan ya jingina duka biyun ga Malik ba tare da duba sharuɗɗan ba.

Saura tambaya a kan ɗan dako: hannun wa ne hannunsa? Da'awar tana ɗauka cewa miƙa kaya ga direba ko kamfanin jigila daidai yake da miƙa su ga mai saye. Wannan yana inganta ne kawai idan mai saye ne ya naɗa shi, kamar ya ce a kai wa direba wane a tashar kaza, domin karɓar wakili karɓar wanda ya wakilta shi ce. Idan kuwa mai sayarwa ne ya zaɓi kamfanin, ya yi yarjejeniya da shi, ya riƙe rasit, to ɗan dakon ɗan aikensa ne, ko da an caji mai saye kuɗin kawowa. Biyan lada ba ya mayar da mutum wakilin wanda bai san shi ba, bai kuma zaɓe shi ba. Tunanin cewa miƙa wa ɗan dako tamkar miƙa wa mai saye ne yana cikin dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda Najeriya ta gada. Ita kanta Birtaniya ta bar shi a cinikin ɗan kasuwa da mai sayen amfanin kansa, inda dokarta ta 2015 ta bar asara a kan ɗan kasuwa har kaya su shiga hannun mai saye, sai in shi ne ya ɗauko ɗan dakon da ɗan kasuwar bai gabatar masa ba. Tarayyar Turai ma haka ta tsara tun 2011.

Wannan ba ya nufin ɗan dako ya tsira. Mai saye zai bi mai sayarwa, shi kuma ya bi wanda ya ɗauka aiki. A wurin Malikiyya ɗan dako amintacce ne, ba ya biya sai da sakaci ko ƙetare iyaka, ban da mai dakon abinci wanda suka lamuntar saboda saurin miƙa hannu gare shi. Abu Yusuf da Muhammad ɗan Hasan kuwa sun lamuntar da duk ma'aikacin da ke yi wa jama'a aiki, sai a abin da ya fi ƙarfinsa kamar gobara mai cinyewa. Ra'ayinsu ya fi dacewa da kamfanonin jigila na yau, amma ko wanne aka ɗauka, shari'a ce tsakanin mutum biyu da suka ƙulla ijara, kuma ba a dakatar da haƙƙin mai saye har a gama ta.

Game da rubutun da wasu ke maƙalawa cewa ba ruwansu da abin da ya faru a hanya, sharaɗi ba ya zama sharaɗi sai an san shi kafin ƙullawa ko lokacinta. Wanda aka turo bayan an biya kuɗi sanarwa ce kawai. Ko ingantaccen sharaɗi ma ba ya kare wanda ya rubuta adireshi ba daidai ba ko ya yi ɗauri na ganganci. Idan kuma aka yi jayayya kan isowar kaya, asali shi ne ba a karɓa ba, don haka hujja tana kan mai cewa ya isar, kamar sa hannu ko lambar sirri da mai saye ke bayarwa lokacin karɓa. Wannan ne kuma kariyar ɗan kasuwa na gari daga mai sayen da zai karɓi kaya ya musanta.

Abin da ke cikin mas'alar ya wuce saɓanin lafazi, domin kuɗin da ɗan kasuwa ya riƙe ba tare da ya isar da komai ba ko dai halal ne ko cin dukiyar ɗan'uwa. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai gona karɓar kuɗin 'ya'yan itacen da annoba ta lalata bayan ya sayar, ya kuma siffanta hakan da karɓar dukiya ba da haƙƙi ba. Wajibin mai ba da fatawa, kafin ya ambaci ƙa'ida, ya tambayi abu uku: ayyananniya ce hajar ko siffantacciya, wa ya naɗa ɗan dako, kuma me aka sharɗanta kafin biya. Allah ne mafi sani.