Sabon Salon Nuna Zahiri a Finafinan Italiya, 1943 zuwa 1952

Daga cikin salon shirya fim da Yaƙin Duniya na Biyu ya haifar, babu wanda tasirinsa ya kai na wanda Italiyawa suke kira neorealismo, wato sabon salon nuna zahiri, inda ake fitar da kyamara daga ɗakin shirya fim a kai ta kan titi, a ɗauki talakawa cikin gidajensu da kasuwanninsu, sau da yawa ba tare da ƙwararrun 'yan wasa ba. Kafin bayyanarsa, masana'antar fim ta ƙasar tana ƙarƙashin gwamnatin Mussolini ne, wanda ya buɗe katafaren filin shirya finafinai na Cinecittà a wajen birnin Roma a 1937, kuma galibin abin da ake fitarwa a lokacin wasannin barkwanci da soyayya ne na masu hannu da shuni, waɗanda aka laƙaba wa suna finafinan farar wayar tarho saboda irin kayan alatun da ke cika falukansu. Masana da yawa suna ganin fim ɗin Ossessione na Luchino Visconti, wanda ya fito a 1943, shi ne ya fara karya wannan al'ada, domin ya nuna ƙura da talauci da cin amanar aure a gaɓar kogin Po, abin da ya fusata hukumomi har suka takura masa.

An saba bayyana tasowar salon da cewa rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan bayani. Lokacin da sojojin ƙawance suka shiga Roma a watan Yunin 1944, Cinecittà ya lalace, an kwashe kayan aikinsa, daga baya kuma aka mayar da shi sansanin 'yan gudun hijira, saboda haka da Roberto Rossellini ya zo shirya Roma città aperta, wanda ya fito a 1945, sai da ya riƙa tsinto faifan ɗaukar hoto guntu-guntu daga hannun masu sayarwa daban-daban. Fitowar da ta fi ratsa zukatan masu kallo ita ce wadda Pina, mace mai juna biyu, take bin motar da sojojin Jamus suka jefa angonta a ciki a guje tana kiran sunansa, sai aka buɗe mata wuta ta faɗi a tsakiyar titi a gaban ɗanta. Wannan fitowa kuwa an ɗauko ta ne daga kisan wata mata da ya auku a birnin a 1944.

Sai dai wannan bayani na rashi bai isa ba, kuma wanda ya tsaya a kansa zai ɗauka cewa finafinan sun fito ne kamar yadda rayuwa take, babu gyara babu ƙawa, alhali abin ba haka yake ba. Anna Magnani da ta fito a Pina da Aldo Fabrizi da ya fito a limamin coci duk gogaggun 'yan wasa ne. Haka kuma Ladri di biciclette na Vittorio De Sica, wato ɓarayin keke, wanda ya fito a 1948 kuma ake ɗaukarsa a matsayin ƙololuwar salon, an shirya shi ne da ma'aikata masu yawa da tsari mai tsanani, kuma muryar da ake ji ba ta Lamberto Maggiorani ba ce, leburan masana'antar da aka ɗauko ya fito a matsayin uba a fim ɗin, ta wani ɗan wasa ce da aka ɗora daga baya, domin al'adar Italiyawa a lokacin ita ce a ɗauki hoto tukuna sannan a sa sauti. Zahirin da mai kallo yake gani, ashe, ƙerarre ne.

Abin da ya bambanta salon a haƙiƙa shi ne irin abin da ya ga ya cancanci a tsaya a kalla. Cesare Zavattini, marubucin da ya yi aiki da De Sica kuma ya fi kowa yi wa salon fashin baƙi, ya tsaya a kan cewa ƙaramin al'amari na yau da kullum ya wadaci fim sukutum, muddin aka yi haƙurin bin diddiginsa. A Ladri di biciclette, magidanci ne marar aikin yi ya samu aikin manna hotunan talla a bango, amma da sharaɗin sai yana da keke, kekensa kuwa yana gidan jingina, don haka matarsa ta yaye zannuwan gadonsu ta kai aka karɓa domin a fanso shi. A nan kyamara ta bi ma'aikacin gidan jinginar yana hawa kantoci masu tsawo da aka jibge da ƙunshin zannuwan wasu iyalai har kusa da rufi, kuma da wannan kallo guda ɗaya, ba tare da wani ya furta komai ba, mai kallo ya fahimci cewa halin da iyalin nan suke ciki shi ne halin rabin gari. A ranar farko ta aikin, yana cikin manna hoton tauraruwar Amurka Rita Hayworth, aka sace keken. Sauran fim ɗin yawon nema ne shi da ƙaramin ɗansa, wanda ya ƙare da uban ya yi yunƙurin satar keken wani, aka kama shi, aka ci mutuncinsa a gaban yaron.

Visconti ya kai salon wani mataki a La terra trema na 1948, inda masuntan ƙauyen Aci Trezza suka yi wasan da karin harshensu na Sisiliya, wanda yawancin Italiyawa ba sa ganewa. A waje kuwa tasirin ya yi nisa, domin mai shirya fim ɗan Indiya Satyajit Ray ya kalli Ladri di biciclette a Landan a 1950 kafin ya shirya Pather Panchali, kuma ana ganin sawunsa a Do Bigha Zamin na Bimal Roy da Borom Sarret na Ousmane Sembène.

A gida ne salon ya rasa gindin zama. Dokar da ɗan siyasa Giulio Andreotti ya jagoranta a 1949 ta tallafa wa masana'antar da kuɗi, amma ta ba gwamnati ikon duba labari kafin a ba da rance da kuma hana fitar da fim ɗin da ake ganin ya ɓata sunan ƙasa zuwa waje, kuma da Umberto D. na De Sica ya fito a 1952, labarin tsohon ma'aikacin gwamnati da fanshonsa bai isa kuɗin haya ba, Andreotti ya soki De Sica a fili da cewa ya zubar wa Italiya da mutunci a idon duniya. Amma ɗora wa gwamnati laifin duka zai zama son kai, domin talakawan da ake nunawa su ma ba su cika zuwa kallon wahalarsu ba, sun fi son finafinan Amurka da suka cika gidajen sinima bayan yaƙi. Umberto D. bai yi kasuwa ba, shekara guda bayansa kuwa jama'a suka yi dafifi zuwa kallon Pane, amore e fantasia, wasan barkwanci na ƙauye wanda De Sica da kansa ya fito a ciki tare da Gina Lollobrigida.